Kuɗi Don Toka: Yadda Wani Shirin Tallafi Ya Suɓuce wa Majalisar Ireland ta Arewa

Wurin da tsarin mulkinsa

Ireland ta Arewa yanki ne na Birtaniya mai mutum kusan miliyan 1.9. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta ranar 10 ga Afrilun 1998, gwamnatin Landan ta sakar wa yankin ikon tafiyar da wasu al'amuransa, irin su lafiya, ilimi, noma da makamashi. Majalisar dokokin yankin na zama a Stormont, gefen birnin Belfast. Akasarin kuɗin da gwamnatin yankin ke kashewa kaso ne da Baitulmalin Landan ke turo mata a dunƙule, ita kuma ta rarraba wa ma'aikatunta.

Mulkin haɗaka ake yi, kuma doka ce ta tilasta shi. 'Yan majalisa sun kasu zuwa masu son a ci gaba da zama cikin Birtaniya, da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ireland, sai 'yan tsakiya. Ana raba kujerun ministoci gwargwadon kujerun da kowace jam'iyya ta ci. Ministan Farko da Mataimakinsa ofis ɗaya suke riƙe da iko daidai wa daida. Idan ɗaya ya sauka, ɗayan ma kujerarsa ta tafi. Wasu manyan ƙudurori kuma ba sa wucewa da rinjaye kawai, sai sun samu goyon baya daga ɓangarorin biyu.

Kowace ma'aikata tana da kwamitin majalisa da ke sa mata ido, yawanci shugabansa ba ɗan jam'iyyar ministan ba ne, kuma majalisa na da ikon kiran mutum ko neman takarda. Akwai kwamitin bin diddigin kuɗin gwamnati, akwai kuma babban mai binciken kuɗi, wanda ba ya ƙarƙashin kowane minista, majalisa yake kai wa rahoto. Waɗannan su ne kayan aikin da ke hannun 'yan majalisa lokacin da lamarin wani shirin tallafin ɗumama gine-gine, wanda daga baya ya kai ga rushewar gwamnatin yankin, ya faro.

2011 zuwa 2012: yadda aka gina shirin

Gwamnatin yankin ta sa wa kanta burin cewa kafin 2020, kashi 10 cikin ɗari na zafin da ake ɗumama gine-gine da shi zai fito daga makamashi mai sabuntuwa maimakon mai da gas. Baitulmalin Landan ya ware fam miliyan 25 na shekara huɗu, 2011 zuwa 2015. Ma'aikatar kasuwanci da zuba jari, ƙarƙashin minista Arlene Foster ta jam'iyyar DUP mai son a ci gaba da zama cikin Birtaniya, ta tsara shirin tallafin ɗumama da makamashi mai sabuntuwa, wanda aka fi sani da RHI. Gona ko masana'anta ko otal da ya kafa tukunyar ɗumama mai ƙona dunƙulen garin katako, gwamnati za ta biya shi kuɗi kan kowane yunit na zafin da ya samar, kamar yadda mitar wuta ke ƙirga yunit, har tsawon shekara 20.

An kwaikwayi shirin ne daga wanda aka fara a Ingila, Scotland da Wales a 2011, amma an bar wasu birkuna biyu a baya. A can, ana biyan farashi mai tsoka ne a kan awa 1,314 na farko a shekara, daga nan sai ya faɗi warwas, don kada kowa ya ga riba a barin wuta tana ci. Daga baya kuma sun ƙara tsarin da ke rage farashi ga sababbin shiga idan masu nema suka yi yawa. Na Ireland ta Arewa ba shi da ko ɗaya.

Ga tukunya mai ƙarfin kilowat 20 zuwa 99, an yanke tallafin kwabo 5.9 kan yunit, a fam mai kwabo ɗari. Kuɗin katakon da zai ba da yunit ɗin, a lissafin da ke cikin takardun ma'aikatar kanta, bai kai kwabo huɗu da rabi ba. Ma'ana duk yunit da mutum ya ƙona, tallafin ya biya masa katako har da canji. Tukunyar da ta haura kilowat 99 kuwa kwabo 1.5 ake biyanta, don haka mai babban gini ya fi samu idan ya jera ƙanana da yawa.

A watan Oktoban 2012 ƙa'idojin shirin suka bi ta kwamitin da ke kula da ma'aikatar, sannan zauren majalisa ya amince. Kwamitin ya yi aiki ne da bayanin da ma'aikatar ta rubuto masa, kuma bayanin bai nuna cewa tallafi ya ɗara kuɗin katako ba. Shirin ya buɗe a Nuwamban 2012. A Janairun 2013 ministar ta rubuta wa bankuna tana ƙarfafa musu gwiwa su ba masu son kafa tukwanen rance, tana mai cewa farashin yana da tabbaci.

2013 zuwa farkon 2015: gargaɗin da bai isa majalisa ba

Da farko masu nema ba su da yawa, har kuɗin da aka ware ba ya ƙarewa. Damuwar jami'ai a lokacin ita ce yadda za a jawo mutane.

A 2013 wata 'yar kasuwa da ke sayar da na'urar rage ɓarnar zafi ta lura cewa masu tukwanen katako ba sa sha'awar kayanta. Tana shiga gine-gine ta tarar ɗumama na aiki, tagogi kuma a buɗe. Ta rubuta wa ministar, aka haɗa ta da jami'an sashen, ta zauna da su a Oktoban shekarar. Ba su gamsu cewa mutane za su ƙona katako a banza ba. Ta sake rubutu a 2014, ta kuma a 2015. Babu abin da ya canza, kuma ba a kai maganarta gaban kwamitin majalisa ba.

A wannan tsakanin wasu abubuwa uku suka faru a cikin ma'aikatar. An fitar da shawarar sa wa shirin birki a 2013, sai aka jingine ta aka mai da hankali kan buɗe irinsa na gidajen zama, wanda ya fara a ƙarshen 2014. Bitar da aka yi alkawarin yi a 2014 ba a yi ta ba. Sannan 'yan tsirarun jami'an da suka san shirin an sauya musu wurin aiki kusan a lokaci guda. Ɗaya daga cikinsu ya bar takardar miƙa aiki da ta ambaci buƙatar rage farashi, amma waɗanda suka gaje su ba su ɗauki mataki a kai ba. Izinin kashe kuɗi da ma'aikatar kuɗi ta bayar ya ƙare ranar 31 ga Maris 2015, ba wanda ya tuna ya sabunta shi.

Akwai kuma wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane da dama a Stormont, cewa ko nawa aka kashe Landan ce za ta biya. Ba haka ba ne. Kason Landan yana da iyaka, abin da ya haura kuma daga asusun yankin zai fito, asusun da ke biyan asibitoci da makarantu.

2015 zuwa Fabrairun 2016: rububi da rufewa

A Mayun 2015 Jonathan Bell, shi ma ɗan DUP, ya karɓi ma'aikatar, Foster ta koma ma'aikatar kuɗi. Kafin lokacin masu nema sun fara yawa, musamman masu kiwon kaji, waɗanda rumfunansu ke buƙatar zafi dare da rana. Farashin ya hau zuwa kwabo 6.4 saboda ana ɗaga shi da hauhawar farashi. Tukunya ɗaya mai kilowat 99, idan aka bar ta tana ci shekara guda ba hutu, tallafinta ya haura fam 55,000.

Jami'ai sun ga kasafi ya fashe, suka ba da shawarar a sa matakan farashi daga farkon Oktoba. Ba a yi ba sai 18 ga Nuwamba. Kafin ranar labari ya riga ya bazu a kasuwa cewa za a rage kuɗin, sai aka yi ta rububi: tsakanin Satumba da Nuwamba an shigar da buƙatu kusan dubu ɗaya, adadin da ya yi kusa da duk abin da aka samu tun buɗe shirin. Kowace ɗaya alkawari ce na shekara 20 a tsohon farashi.

A Janairun 2016, watan da Foster ta zama Ministar Farko, wata wasiƙa marar sa hannu ta iso da zargin cewa wani manomi na ɗumama rumfar da babu komai a ciki don ya tara kusan fam miliyan ɗaya cikin shekara 20. A Fabrairu aka kawo wa majalisa ƙudurin dakatar da shirin. Abin lura a nan shi ne 'yan majalisa da dama sun tashi ne don neman a ƙara lokaci, saboda kamfanonin da ke kafa tukwanen a mazaɓunsu sun yi musu kukan za su yi asara, wasu jam'iyyu ma sun kaɗa ƙuri'ar ƙin rufewa. An ƙara mako biyu, shirin ya daina karɓar sababbin shiga ranar 29 ga Fabrairun 2016, da tukwane sama da 2,000 a ciki.

Yuli zuwa Nuwamban 2016: mai binciken kuɗi da kwamiti

A Yulin 2016 babban mai binciken kuɗi, Kieran Donnelly, ya miƙa wa majalisa rahotonsa. Ya ajiye lambobin biyu gefe da gefe, kuɗin tallafi da kuɗin katako, ya kuma nuna birkunan da aka bari. Jimillar alkawarin da aka ɗauka ta haura fam biliyan ɗaya. Daga baya aka ƙiyasta cewa kusan fam miliyan 490 daga ciki za su faɗo kan asusun yankin.

Kwamitin bin diddigin kuɗi, ƙarƙashin Robin Swann na jam'iyyar UUP, ya ɗauki rahoton ya fara zama a Satumba. A Mayun shekarar ne UUP, mai son zama cikin Birtaniya, da jam'iyyar SDLP, mai son haɗewa da Jamhuriyar Ireland, suka ƙi karɓar kujerun ministoci suka zama 'yan adawa a hukumance, abin da wata sabuwar doka ta 2016 ta ba da dama. Kwamitin ya kira babban sakataren ma'aikatar, Andrew McCormick, da tsofaffin manyan jami'anta, da jami'an Ofgem, hukumar da ke biyan kuɗin a madadin ma'aikatar. A zaman nan ne batun 'yar kasuwar da ta yi gargaɗi tun 2013 ya fito fili. Sai dai al'adar irin wannan kwamiti ita ce ma'aikatan gwamnati yake titsiyewa kan yadda aka kashe kuɗi, ba ministoci ba.

Disamban 2016 zuwa Maris 2017: ƙuri'a da rushewar gwamnati

Ranar 6 ga Disamba tashar BBC ta yankin ta nuna wani shirin bincike kan lamarin, aka wayi gari kowa na maganarsa, jaridu suka laƙaba masa suna mai ma'anar kuɗi don toka. Ranar 15 ga wata Jonathan Bell ya fito a talabijin ya zargi masu ba ministoci shawara na jam'iyyarsa da jinkirta sa birki. Foster ta musanta, su ma suka musanta.

An kira majalisa daga hutu ranar 19 ga Disamba. Foster ta tashi yin jawabi a matsayin Ministar Farko ba tare da amincewar Mataimakinta, Martin McGuinness na jam'iyyar Sinn Féin mai son haɗewa da Jamhuriyar Ireland, ba, sai sauran jam'iyyu suka fice daga zaure. Daga baya a ranar SDLP ta kawo ƙudurin a dakatar da ita daga muƙami na wata shida. Mutum 39 suka goyi baya, 36 suka ƙi, Sinn Féin ba ta kaɗa ƙuri'a ba. Ƙudurin ya faɗi duk da rinjayen, domin yana buƙatar amincewar ɓangarorin biyu, kuma DUP ce ke da mafi yawan kujerun ɓangarenta.

Sinn Féin ta nemi Foster ta koma gefe har a gama bincike, ta ƙi. Ranar 9 ga Janairun 2017 McGuinness ya yi murabus, gwamnati ta rushe. A kwanakin ƙarshe kafin a rufe majalisa an yi abu uku: kwamitin bin diddigi ya sake zama da McCormick, kuma washegari wani mai ba da shawara na musamman da aka ambata a zaman ya ajiye aiki yana mai musanta laifi, majalisa ta amince da ƙa'idar rage farashi ga tsofaffin masu cin tallafi, ministan kuɗi, Máirtín Ó Muilleoir, ya kafa kwamitin bincike na shari'a. Kwamitin Swann bai kai ga fitar da rahotonsa ba. A zaɓen 2 ga Maris, wanda aka rage kujeru daga 108 zuwa 90, DUP ta samu 28, Sinn Féin 27. Sun kasa daidaitawa kan wannan batu da wasu, ciki har da matsayin harshen Irish.

2017 zuwa 2020: bincike ba majalisa

Shekara uku yankin ya yi ba ministoci, ba zaman majalisa na yau da kullum, ma'aikatan gwamnati ke riƙe da ma'aikatu. Binciken, ƙarƙashin tsohon alƙalin kotun ɗaukaka ƙara Sir Patrick Coghlin, ya fara sauraron shaidu a Nuwamban 2017, ya shafe sama da kwana ɗari ana zama a bainar jama'a. Yana da abin da kwamitocin majalisa ba su taɓa samu ba a wannan batu: lauyoyi, masanin makamashi a gefensa, da ikon karɓo imel da saƙonnin waya. Foster ta amsa cewa ba ta karanta ƙa'idojin 2012 dalla-dalla ba kafin ta kai su majalisa. Shugaban ma'aikatan yankin, David Sterling, ya shaida cewa an saba ƙin rubuta bayanan wasu tarurruka da ministoci don kada a nemo su ta dokar 'yancin samun bayanai.

A 2019 majalisar Landan, wadda ta karɓi aikin yi wa yankin doka, ta sake zaftare farashin cikin gaggawa. Abin da tukunya mai kilowat 99 ke samu a shekara ya sauko daga kusan fam 13,000 zuwa kusan 2,000. Wannan ya tsayar da zubar kuɗi, amma ya faɗa kan manoman da suka ci bashin banki bisa alkawarin gwamnati kuma suke amfani da zafin a kan ƙa'ida. Sun je kotu ba su yi nasara ba.

Gwamnatin yankin ta dawo ranar 11 ga Janairun 2020. Rahoton Coghlin ya fito ranar 13 ga Maris, kwana biyu bayan an ayyana korona a matsayin annobar duniya, don haka bai samu kunnen da ya kamata ba. Shafi 656 ne, da shawarwari 44. Ya ce ba cin hanci ne ya jawo ɓarnar ba, kurakurai da sakaci ne suka yi ta taruwa kan juna daga hannun mutane da yawa. Ya soki halayen wasu masu ba da shawara. Game da majalisa, ya ce kwamitin da ke kula da ma'aikatar bai zama shingen kirki ga kuskurenta ba, saboda ƙarancin kayan aiki da dogaro da ma'aikatar wajen samun bayani da nazari, ya kuma nemi majalisa ta duba yadda za ta ƙarfafa kwamitocinta.

Bayan rahoto

Foster ta nemi afuwa kan nata kurakuran, ta ci gaba da riƙe muƙami har Yunin 2021. A farkon 2021 majalisa ta zartar da wata doka da Jim Allister, ɗan majalisa ɗaya tilo na jam'iyyar TUV, ya kawo a kan kansa. Dokar ta ƙuntata wa masu ba ministoci shawara, ta wajabta rubuta bayanan tarurruka, ta mai da fitar da bayanin gwamnati don amfanin wani ya zama laifi, ta kuma ɗora wa ma'aikatu nauyin ba kwamitocin majalisa bayanan da suka nema. A 2022 ofishin mai binciken kuɗi ya duba inda aka kwana, ya tarar shawarwarin da aka aiwatar gaba ɗaya ba su kai rabi ba, kuma ma'aikaci ɗaya ne kawai aka ba takardar gargaɗi.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki

A ganina babbar gazawar ta faru ne a Oktoban 2012, ba a Disamban 2016 ba. Ranar da ƙa'idojin ke gaban kwamiti, gyaran bai wuce ƙara sakin layi ɗaya da aka riga aka rubuta a shirin Ingila ba. Tambaya ɗaya ta isa: nawa ne katako, nawa ne tallafi? Ba a yi ta ba, kuma ban ɗora laifin kacokan kan 'yan kwamitin ba. Mutum goma sha ɗaya ne da ke duba komai na ma'aikatar, daga yawon buɗe ido zuwa wutar lantarki, ba su da masanin makamashi nasu, kuma wanda suke sa wa ido shi ne ke rubuto musu abin da za su karanta. Ikon neman takarda ba ya amfanar wanda bai san akwai takardar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan tun a gini take.

Amma akwai abin da ya rataya a wuyansu. Sun amince da alkawarin shekara 20, sannan shekara uku suka wuce ba su matsa a kawo musu bitar da aka yi alkawari ba. Da kwamitin ya rubuta ranar bitar a kundinsa ya kira jami'ai a 2014, da wuya a kai ga rububin 2015, wanda shi ne ya ninka ɓarnar. Kuma da aka zo rufewa, kukan 'yan kasuwar mazaɓa ya fi ƙarfi a kunnen wasunsu fiye da lissafin asusu, domin a lokacin babu wanda ya ajiye musu lissafin a gabansu.

Ƙuri'ar 19 ga Disamba ta nuna wata matsala ta daban. Sharaɗin amincewar ɓangarori biyu an sa shi ne don kada masu rinjaye su danne marasa rinjaye, kuma a yankin da ya sha rikici na kusan shekara talatin wannan kariya ce mai daraja. Sai dai a aikace ya hana majalisa hukunta ministan babbar jam'iyya matuƙar jam'iyyarsa na bayansa. Da aka rasa ƙaramin hukunci, abin da ya rage shi ne babba, wato rushe gwamnati, kuma da ita aka rushe kwamitin da ke tsakiyar bincike. Farashin da ya fi cutar da manoma a Landan aka yanke shi, lokacin da babu majalisar yanki da za ta tantance shi.

Abin da ya yi aiki shi ne ofishin mai binciken kuɗi. Yana da ikon shiga littattafan ma'aikata kai tsaye, yana da akantocinsa, kuma ba minista yake jira ya ba shi izini ba. Tambayoyin kwamitin Swann sun yi kaifi ne saboda a karon farko 'yan majalisa na riƙe da lambobin da ba ma'aikatar ta tace musu ba, kuma shugaban kwamitin ɗan adawa ne. Matsalarsa lokaci ce: aikin ofishin ya saba farawa bayan an kashe kuɗi, kuma rahoton Donnelly ya iso wata huɗu da 'yan kwanaki bayan an rufe ƙofa da tukwane sama da 2,000 a ciki. 'Yar kasuwar da ta ga tagogi a buɗe ta riga shi da kusan shekara uku, amma ƙofar ma'aikata ta buga, ba ta majalisa ba, kuma jami'an da suka tsara shirin su ne aka ba su auna ko maganarta gaskiya ce.